Wa Ke Fara Cewa A Raba?

A gasar kartar Turawa da ake kira poka, idan saura mutum biyu ko uku, sukan dakatar da wasa su sasanta yadda za su raba kuɗin. Mu ma nan Sabo muna yi a wajen dara, in wani attajiri ya sa kyauta. Ni dai a ganina, wanda ya fi cin 'ya'ya shi ya kamata ya fara furta maganar. Na baya in ya ce "a raba mana", ai roƙo ya zama, 'yan kallo kuwa ba sa mantuwa. In ɗaya ya ƙi, shi ke nan, a koma gurbi, ban da gori. Mai kyautar ma a tambaye shi tukuna, don wasa ya zo kallo, ba ciniki ba.