Jigon Alheri da Gafara a Littafin Les Misérables

Bahaushe kan ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, wato mai shuka shi yana sa ran girbi. Amma a Littafi Mai Tsarki na Hausa kalmar alheri na ɗauke da wata ma'ana: kyautar da Allah ke yi wa wanda bai cancanta ba. Kan wannan ma'ana Victor Hugo na Faransa ya gina ƙagaggen labarinsa Les Misérables, wanda aka buga a 1862.

Tauraron labarin, Jean Valjean, ya shekara 19 a kurkuku, mafarin abin kuwa satar burodi. Da aka sake shi a 1815, kowa a garin Digne ya rufe masa ƙofa, sai Bishop Myriel ya ba shi masauki. Cikin dare ya kwashe cokulan azurfar mai masaukinsa ya gudu. Da 'yan sanda suka komo da shi, Bishop ya ce ai kyauta ya ba shi, har ya ƙara masa da alkukai biyu na azurfa.

Ƙaramin marubuci da nan zai sa ɓarawo ya tuba nan take. Hugo bai yi haka ba. A ranar, Valjean ya taka kuɗin wani yaro, Petit-Gervais, ya hana shi. Sai da yaron ya tafi yana kuka sannan nauyin abin da Bishop ya yi ya danne shi, ya fashe da kuka. Gafarar ta riga tubar zuwa, ita ce ma ta haife ta. (Abin mamaki, Cocin Katolika ya sa littafin cikin jerin haramtattu a 1864.)

Inda jigon ya fi kaifi shi ne wajen Javert, ɗan sandan da ya daɗe yana farautar Valjean, wanda bai san komi ba sai doka da sakamako. A tarzomar Faris ta 1832 ya faɗa hannun Valjean, shi kuwa ya sake shi. Da an kashe shi da lissafinsa ya daidaita. Amma ransa ya zama kyauta daga hannun mai laifi: ba ya iya kama shi, ba ya kuma iya ƙyale shi. Ya rubuta wa shugabanninsa 'yan shawarwari kan gyaran aiki, sannan ya faɗa kogin Seine.