Ranar da Muka Bi Kawu Zuwa Argungu

Ban cika shekara goma ba lokacin da Kawu ya ce zai tafi da mu kallon bikin kamun kifi na Argungu. A zamanin, garinmu Gummi da Argungu duk jihar Sakkwato ne, don sai a 1991 aka yanke Kabi, Zamfara kuma a 1996.

Tun asuba muka cika bayan a-kori-kura, mu da wasu baƙinsa biyu daga Anka da Bukkuyum da suka kwana gidanmu. Inna ta ɗaure mana ƙosai a ganye, ta cika gora da fura. Sanyin hunturu bai gama tafiya ba, muka duƙunƙune cikin bargo ɗaya, kafin mu kai Jega ƙura ta mayar da mu furfura. Taya ta fashe mana sau ɗaya, babu wanda ya yi tsaki.

Kowa labarin ranar kifi yake yi, yadda dubban masunta ke rugawa cikin Matan Fada da homa da gora suna neman giwan ruwa. Ni abin da ya tafi da hankalina shi ne tseren jirage na wasan Kabanci. Jiragen ruwa ne sirara, kowanne da 'yan tuƙinsa, filafilai na shiga ruwa suna fita kamar hannu guda ke riƙe da su, kiɗa na tashi daga gaɓa. Wani jirgi ya kife dab da ƙarshe, mutanensa suka taso suna dariya suna tura shi da ƙirji har suka kai. Tafin da aka yi musu ya fi na wanda ya zo na ɗaya.

Kawu ya ɗora ni a wuya, yana ba ni labarin yadda bikin ya samo asali a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan tsohuwar gabar Kabawa da Sakkwatawa.

“Ɗana, riƙe hulata da kyau,” in ji shi, “kada ta bi ruwa.”

Da muka dawo, wata guda muna fafe kara muna haɗa jirage da ƙaya, muna tserensu a gefen Gulbin Zamfara. Nawa yakan karkata hagu, na rasa dalili har yau.

Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Hanyar da muka bi da duhun asuba kuwa, yanzu sai rana ta take ake shiga, ana addu'a.