Haƙorin Inna da ledojin ranar kasuwa



Watan jiya Inna ta kwana uku ba ta iya tauna komai ba. In ta yi aswaki sai jini, kuncinta na hagu ya kumbura har ido ya fara ƙanƙancewa. Ranar Alhamis ƙanena ya dawo daga kasuwa da ƙananan ledoji na jika biyu. Wai mai tallar ya ce probiyotik ne, ƙwayoyi masu amfani da ke korar masu cuta a baki, ba sai an je wurin likita ba.

To, maganar ba ƙarya ce zalla ba. Bakin mutum cike yake da ƙwayoyin halitta iri ɗaruruwa, wasu na kirki, wasu na ɓarna. Kindirmon da muke dama fura da shi ma irinsu ne ke sa shi tsami. An gwada wani nau'i mai suna Lactobacillus reuteri a matsayin ƙwayar tsotsa, a wasu gwaje-gwajen jinin dasashi ya ɗan ragu. Amma fa bayan likita ya kankare dattin da ya daskare a gindin haƙori ne. Ko a hakan, a 2020 ƙungiyar likitocin dasashi ta Turai ba ta ba da shawarar amfani da su ba. Kuma abu mai rai ne. Ledar da ta yini a faranti cikin ranar Adar, wa zai rantse akwai sauran mai rai a ciki?

Na ce, "Inna, mu tafi Tahoua." Ta ce, "Kai dai bar ni da kanumfarina." Sai da zazzaɓi ya shigo ta yarda. Ashe kogo ne ya kai jijiya, mugunya ta taru. Aka cire haƙorin, aka ba ta antibiyotik. Likitan ya ce irin wannan kumburin in ya gangara wuya yana iya toshe numfashi. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Masu yara kuma, dasashi mai jini da wari ga yaron da ya rame ko ya tashi daga ƙyanda, a kai shi CSI ranar nan. Haka noma ke farawa, cutar nan mai cin fuska cikin 'yan kwanaki.

Inna ta koma shan furarta da nono. Rigimarmu yanzu kan sukarin shayi ne. Ƙanena kuwa har yau yana cigiyar mai tallar, yana son jikarsa biyu.