GIDAN TARIHIN DA AKA KWASHE SAU BIYU A ALƘAHIRA

Duk baƙon da ya sauka Alƙahira, dalar Fir'auna ake fara kai shi. Ni kuwa Babul Halƙi na nufa, inda gidan ajiye kayan tarihin Musulunci yake. Tun 1903 ginin nan ke tsaye, zamanin Abbas Hilmi na Biyu, kafin nan kuwa a Masallacin Al-Hakim ake tara kayan.

Wanda ya ga kayan a jere cikin gilashi, ba zai ce sun sha ɗauka da saukewa ba. A 2003 aka rufe gidan don gyara, aka kwashe kayan zuwa ma'aji, ba a buɗe ba sai 2010. To, kwasar irin wannan kaya ba kwasar jeren amarya ba ce. Kowane abu sai an ɗauki hotonsa, an rubuta lambarsa da inda ya tsage tun da, sannan a naɗe shi, a kwantar cikin akwatin da aka auna domin sa. Lamba ta ɓace, asali ya ɓace. Gidan kuwa yana riƙe da abu fiye da 100,000.

Shekara huɗu ba ta cika ba, ranar Jumma'a 24 ga Janairu, 2014, da sassafe, wata mota mai bam ta tashi a ƙofar hedkwatar 'yan sanda da ke tsallaken titi. Tagogi suka zube, rufi ya rufto, abubuwa 179 suka lalace. Wannan karon da tsintar ɓaraguzai aka fara, ana ware na wannan daga na wancan, kafin a sake kai sauran ma'aji. Daular Larabawa ta ba da fam miliyan 50 na Masar, aka buɗe gidan a Janairun 2017.

Na daɗe a gaban fitilun masallaci na zamanin Mamluk. Gilashi ne, an zana masa rubutu da launi, shekara wajen 700 ke nan. Irinsu ne suka fi jin jiki ranar nan, don gilashi ba ya jure girgiza. Sai mihirabin katako na Sayyida Ruƙayya, aikin Faɗimawa, wanda shi ma ya farfashe aka harhaɗa. Na kewaya shi ina neman wurin haɗin, idona bai kama ba. A ganina ma da sun bar tabo guda, ko don 'yan baya su san abin da ya faru.

Akwai kuma butar tagulla da ake dangantawa da Halifa Marwan na Biyu, bakinta siffar zakara mai cara. Ina cikin kallonta aka kira la'asar, na fita na bi titi zuwa Al-Azhar.