Hoto Amana Ne

Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane. Wannan karin magana ya tabbata a kan wani saurayi mai sana'ar tace bidiyon biki a garin Kazaure, wanda jama'a kan kawo wa aiki tun daga Roni da Gwiwa har Babura.

Wata rana wata dattijuwa daga Gwiwa ta zo masa da hoton mijinta marigayi a naɗe cikin gyale, tana so a sa shi a farkon bidiyon auren jikarta. An ɗauki hoton a Kano tun kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, kuma shi kaɗai ya rage, domin damina da gara sun cinye sauran. Saurayin ya shigar da shi kwamfuta da sikana, ya jera shi cikin manhajar Adobe Premiere, kana ya yi abin da masu sana'ar ke kira rendarin, watau haɗe aikin ya fito bidiyo guda. Saboda gaggawa bai sake dubawa ba.

Da aka kunna a gabanta, sai ga marigayin, wanda aka sani siriri mai doguwar fuska, ya zama ƙato mai kumatu, rawaninsa ya baje kamar faifai. Dattijuwar ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta ce, "Ɗan nan, wannan ba Malam ba ne. Jikokinsa ba su riske shi ba, abin da ka nuna masu shi za su riƙe." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki gafarce ni, Inna, a ba ni zuwa gobe."

A daren nan ya bi aikin daki-daki. Da farko ya duba hoton da sikana ta ɗauka, ya tarar lafiya lau. Ashe a wajen awo matsalar take. Faɗin hoton da tsayinsa 4 ne bisa 3, alhali allon bidiyon zamani, mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, 16 ne bisa 9. Shi kuwa ya umarci manhajar ta cika allo, ita kuma ta ja hoton ta gefe har faɗinsa ya ƙaru da sulusi, tsayin yana nan yadda yake. Na'ura ba ta san fuskar mutum ba, lissafin da aka ba ta shi take bi.

Maigidansa, wanda ya koya masa aikin tun zamanin kaset, ya ce ciwon tsoho ne. A tsarin talabijin na PAL, wanda Nijeriya ta bi, allo yana da ɗigo 720 bisa 576, kuma ɗigon ya ɗan fi faɗi a kan tsayi, ba kamar na hoto marar motsi ba, wanda kowane gefensa daidai yake. Don haka su a lokacinsu sukan shirya hoto a kan 768 bisa 576 kafin su shigar da shi, in ba haka ba fuska ta gurɓace.

Magani bai yi wuya ba da aka gano cutar. Ya kulle faɗi da tsayi domin su riƙa tafiya tare, ya daidaita awon fitarwa da awon da ya fara aikin da shi. To amma fa sai zaɓi biyu suka rage: ko ya ƙara girman hoton ya cika allo, a yanke saman rawanin da hannuwa, ko ya bar shi cikakke da baƙin fili dama da hagu. Abokan sana'a da yawa suna ƙyamar wannan fili, suna ganin alamar rashin ƙwarewa ce. Shi dai ya bar filin.

Kashegari dattijuwar ta dawo, aka kunna. Ta matso kusa da allo, ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Yauwa, ga Malam nan. Allah ya yi maka albarka."

Tun daga ranar, duk hoton da aka kawo masa, sai ya ɗora na asali kusa da allo ya gwada su ido da ido kafin ya miƙa aiki. Yakan gaya wa yaran shagonsa cewa mai rai yana iya dawowa a sake ɗaukarsa, mamaci kuwa abin da aka bari na kamanninsa amana ce a hannun mai tacewa. Allah ya ba mu ikon riƙon amana.