Waƙa Madubin Al'umma: Daga Yashe Zuwa Ƙasar Sin

Ina yaro a Yashe, idan rediyo ya saki kalangun Alhaji Mamman Shata a mararrabar hanyar Funtuwa, sai ka ga direbobi da masu shayi sun yi tsit. A gidanmu kuwa, mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana ganin sauraren makaɗi ɓata lokaci ne. Ko da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, girgiza kai kawai ya yi.

Da na zama malami na ɗauka na rabu da wannan ra'ayi, domin ina koyar da waƙoƙin Narambaɗa da na Shata. Ashe sauya masa riga kawai na yi. Wata rana wani ɗalibina ya nemi ya yi kundinsa a kan waƙoƙin matasa na situdiyo, na mayar masa da takardarsa, na ce wannan hayaniya ce, ba adabi ba. Ya fita jiki a sanyaye.

Abin da ya farkar da ni shi ne karatun da na yi daga baya a kan Kwanfushiyas, masanin falsafar ƙasar Sin da aka haifa shekara 551 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi ma yana da tsantseni, har ya kushe kiɗan yankin Zheng saboda yana ganin ya wuce gona da iri. Duk da haka, kundin waƙoƙi 305 da ake jingina masa tacewarsa, wanda ya umarci almajiransa su nazarta, yana ɗauke da waƙoƙin Zheng tare da na manoma da na fada. An ruwaito cewa sarakunan da sukan aika jami'ai ƙauyuka su tattaro waƙoƙin talakawa, domin su san halin da ƙasa take ciki.

Tarihinsu na baya-bayan nan ya nuna illar barin wannan hikima. A lokacin Juyin Al'adu, daga 1966 zuwa 1976, an hana tsohuwar ofera ta Bejin, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa, aka wulaƙanta gwanayenta, aka bar 'yan wasannin da hukuma ta amince da su. Sai dai bakin mawaƙi ba ya ɗinkuwa. A 1986 wani matashi, Cui Jian, ya fito da kiɗan rok mai jita da ganguna, kuma waƙarsa ɗalibai suka riƙa rerawa a dandalin Tiyananmen a 1989. Damuwar matasa ta bayyana a waƙa shekara uku kafin ta fito titi.

Nan na gane kuskurena. A matsayina na mai nazarin harshe, na rufe ƙofa ga taskar sababbin kalmomi da salon magana da koke-koken 'ya'yanmu. Shi kansa Shata, wanda ya rasu a 1999, ai mawaƙin jama'a ne, ya yi wa direba waƙa kamar yadda ya yi wa sarki.

Saboda haka, ya kai mai shirin riƙe alli, ba a ce ka yabi kowace waƙa ba. Tace ta, ka nuna wa ɗalibanka tsaba da tsakuwa, amma ka fara saurare kafin ka yanke hukunci. Ni dai har yau ban sake haɗuwa da ɗalibin nan ba, balle in nemi afuwarsa.