Kyamara da Ƙurar Hunturu

A shekarar 2003 kamfanin Canon ya fitar da EOS 300D, kyamarar dijital mai sauya gilashi wadda kuɗinta bai kai dala 1,000 ba. Irinta ce, bayan ta tsufa a hannun wasu, take isa garuruwa kamar Yawuri ta ƙasar Matamaye, inda matashi kan sayar da awakinsa ya saye ta domin ɗaukar hoton biki.

Nasihar da tsofaffin hannu suke yi masa ba ta da tsada. Kada ya cire gilashi a fili da hunturu, domin idan ƙura ta shiga ciki, ɗigo zai fito a kowane hoto. Ya fara tanadin batir na biyu da katin ajiya kafin ya yi kwaɗayin dogon gilashi. Farar riga da tsakar rana tana ruɗin kyamara har ta duhunta fuska, saboda haka ya nemi inuwa ko ya jira la'asar.

Dalilinsu guda ne: ba a sake ɗaurin aure don hoto ya ɓaci. Dattijon da ya zauna masa ranar salla kuwa, wataƙila da wannan hoton kaɗai jikokinsa za su san fuskarsa.